Daga Waken Kalaba zuwa Lanƙwasasshiyar Allura: Waiwaye kan Tsadar Maganin Hawan Jinin Ido

A shekarar 1943, lokacin da Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura duk suke cikin Lardin Kano, 'yan mishan na SIM suka buɗe asibitin ido a birnin Kano ƙarƙashin wani likita Ba'amurke mai suna Douglas Hursh. Shi ne asibitin ido na ECWA na yau. Tun daga lokacin, wanda ciwon idonsa ya gagari maganin gida a wannan yanki ya san inda zai dosa: ya fito bakin titi, ya nemi motar Kano. An ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, hedikwata ta koma Dutse, amma mai ciwon ido bai sauya alƙibla ba, domin Kano ta fi kusa, kuma can ƙwararrun suka taru.

Masu wannan tafiya ba labari ɗaya suke dawowa da shi ba. Mai yana yakan tafi ana jansa da sanda, ya dawo yana gane fuskokin jikokinsa. Wanda amosani ya juya wa gashin ido ciki, a gyara masa fatar ido ya huta da suka. Amma akwai na uku, wanda idonsa tas yake a waje, babu fari babu ja, likita ya haska ciki ya ce an makara. Wannan shi ne mai hawan jinin ido, cutar da likitoci ke kira gilokoma, wadda ta fi kowace cuta a duniya jawo makantar da ba ta warkewa.

A 'yan shekarun nan likitocin ido na duniya sun ɗauki zancen wata sabuwar tiyata mai ƙaramin yanka, wadda suke taƙaita sunanta da MIGS, ana ta lissafin ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Tambayar ta dace. Sai dai amsar da aka samu a Landan ko Toronto ba lalle ta zama amsa a Roni ba. Wanda ya bi tarihin maganin wannan cuta na kusan shekara 170 zai ga darasi ɗaya yana ta maimaituwa: arahar magani daga ƙofar gidan majiyyaci ake fara lissafa ta, kuma wanda ya fi araha shi ne wanda zai ci gaba da tsare ido ko da mai idon bai samu komawa asibiti ba.

Abin da ke faruwa a cikin ido

Wannan ba hawan jinin da ake aunawa a damtse ba ne. A cikin ido akwai wani ruwa garai-garai da ke ɓuɓɓugowa dare da rana, ya ciyar da sassan gaba, sannan ya fice ta wata 'yar rariya da ta zagaye gefen baƙin ido, ya faɗa wata siririyar magudana, daga nan ya shige jini. Kamar tsakar gida ne da damina: muddin rariya na ja, lafiya lau, ranar da ta toshe, ruwa ya kwanta ya fara cin gindin katanga. Ga yawancin mutane awon ƙarfin ido yana tsakanin 10 da 21. Idan ya hau ya daɗe a sama, sai ya riƙa danne jijiyar da ke kai gani ƙwaƙwalwa, tana mutuwa kaɗan-kaɗan.

Muguntar cutar a shirunta take. Nau'in da ya fi yawa a cikinmu ba ya ciwo, ba ya ja, ba ya hawaye. Ganin gefe yake fara ci, mutum ya riƙa tuntuɓe da turmi, ko ya kasa lura da babur ɗin da ya ɓullo masa ta gefe, ya ɗauka tsufa ne. Ido ɗaya yakan rufa wa ɗan'uwansa asiri har sai shi ma ya kamu. Bincike a ƙasashe da dama ya tabbatar da cewa cutar ta fi yawa ga baƙar fata, ta fi kama su da wuri, ta kuma fi saurin makantar da su. Ganin da ya tafi ba ya dawowa. Duk maganin da aka ƙirƙiro daga farko har yau aikinsa ɗaya ne: ya sauke ƙarfin ruwan don a tsira da abin da ya rage.

Wuƙa da wake

A 1851 Hermann von Helmholtz na Jamus ya ƙera madubin leƙa cikin idon mai rai, likitoci suka fara ganin jijiyar da cutar ta ƙwaƙule. A 1857 Albrecht von Graefe ya ba da rahoton cewa yanke ɗan yanki na baƙin ido yana sauke ƙarfin ruwan. Dabarar ta ceci masu nau'in da ke tasowa farat ɗaya da azababben ciwo, amma ga mai shirun ba ta tsinana abin kirki ba.

Maganin ɗigawa na farko kuwa daga ƙasar da daga baya ta zama Nijeriya ya fito. Mutanen Kalaba suna da wani wake mai guba da suke kira esere, wanda suke bai wa wanda ake zargi da maita ya ci. 'Yan mishan na Sikotilan suka aika da shi Edinbara, masana suka gano yana tsuke tagar da ke tsakiyar baƙin ido. A 1876 Ludwig Laqueur, likitan da shi kansa yake fama da cutar, ya nuna cewa sinadarin waken yana sauke ƙarfin ido. Shekara guda bayan haka aka shigo da filokafin, wanda ake samu daga ganyen wani tsiro na Barazil. Sau huɗu ake ɗiga shi a rana, yana dusashe gani, yana sa ciwon goshi, kuma babu ranar dainawa. Tun daga nan tambayar da ta raba kan likitoci ta kunno kai: kwalba har ƙarshen rai, ko wuƙa sau ɗaya?

A Indiya, inda talakawa ke tururuwa asibitin ido na gwamnati da ke Madras daga garuruwa masu nisa, Robert Elliot ya fito a 1909 da dabarar huda ɗan rami a bangon ido don ruwan ya riƙa tsiyaya ƙarƙashin siririyar fatar da ta lulluɓe farin ido. Dabarar ta zagaye duniya, amma ramin ba shi da murfin kirki: wani ido ya saki fiye da kima, wani ƙwayoyin cuta su shige shi bayan shekaru. Sai a 1968 John Cairns na Kembirij a Ingila ya gyara ta. Ya yanko murfi daga jikin farin idon kansa, ya buɗe ƙofa a ƙarƙashinsa, ya ɗinke shi yadda ruwan zai riƙa fita a hankali. Wannan aiki shi ake kira tirabekulektomi, kuma har yau da shi ake gwada duk wata sabuwar tiyata. A nan za mu kira shi babban aiki.

Babban aiki yana da maƙiyi ɗaya, shi ne jikin mutum kansa, wanda ke ganin ƙofar a matsayin rauni ya rufe ta da tabo. Idon baƙar fata kuma ya fi saurin yin tabon. Wannan ya sa Afirka ta taka rawa a gyare-gyaren da suka biyo baya. Anthony Molteno a Afirka ta Kudu ya fara dasa bututun fitar da ruwa a 1969. A 1983 wani likita a Taiwan ya gwada shafa maitomaisin, maganin ciwon daji, a wurin yankan don hana tabo. Wani gwaji a Cape Coast ta ƙasar Gana, da aka wallafa a 1993, ya nuna cewa shafa maganin 5-FU sau ɗaya a lokacin aiki yana ƙara nasararsa sosai ga baƙar fata.

Kayan babban aiki ba su da tsadar a zo a gani: madubin tiyata, wuƙa, zare, da hannun da ya ƙware. Tsadarsa a bayan aiki take. Makonnin farko majiyyaci zai yi ta komawa, a sassauta zare, a danna, wani lokaci a sake tsokanar tabon da allura. Daga Kazaure zuwa Kano ta Ɗambatta kusan kilomita 80 ne, mutumin ƙauyukan Gwiwa ko Roni kuwa sai ya fara neman abin da zai fito da shi Kazaure. Kuma ba ya tafiya shi kaɗai. Kuɗin mota na mutum biyu ne, gona kuma ta rasa hannu huɗu.

Akwai tsada ta biyu, wadda ba ta kuɗi ba. Majiyyaci yakan tambaya, "Likita, in an yi aikin zan gani?" Likita mai gaskiya ya ce, "Baba, wanda ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage muke son tsarewa." Dattijo ya koma gida yadda ya tafi, wataƙila ma da ɗan dishi-dishi na makonni, ga maƙwabcinsa mai yana ya dawo yana karatun Alƙur'ani. Ƙauye ya yanke hukunci: wancan an gyara masa, wannan an ɓata masa. Wannan magana ta hana mutane da yawa kwanciya a gadon tiyata fiye da yadda kuɗi ya hana su.

Zamanin kwalba

A rabin ƙarshe na ƙarni na 20 magunguna suka ci gaba sosai. Ƙwayar Diamox ta shigo a 1954, ɗigon timolol a 1978, sannan Xalatan a 1996, wanda sau ɗaya ake ɗigawa da dare. A ƙasashen da inshora ko gwamnati ke biyan kuɗin magani, yawan babban aiki ya ragu, domin kwalba ta wadatar da mafi yawan masu cutar.

A nan lissafin ya juye. Wani bincike da aka yi a Fatakwal aka wallafa a 2012 ya gano cewa majiyyaci yana kashe kimanin dala 40 a wata kan maganin ɗigawa kawai, alhali tiyata tana cin kimanin dala 275. Wato kuɗin kwalabe na wata bakwai ya isa a yi aikin. Dala 40 ɗin nan kuma ta kai kusan sulusin mafi ƙarancin albashi na lokacin, naira 18,000, ga wanda ma yake da albashin. Manomi sau ɗaya yake ganin kuɗi a dunƙule, da kaka. Idan damina ta yi tsakiya rumbu ya yi ƙasa, abu na farko da za a jingine shi ne maganin ciwon da ba ya ciwo.

Ga sauran ƙayoyi. Irin su Xalatan sanyi suke so kafin a buɗe su, alhali da bazara zafin wannan yanki yakan haura digiri 40. Timolol mai araha ne amma yana da haɗari ga mai asma da mai wasu ciwukan zuciya. Akwai jabu a kasuwa. Wasu kan daina ɗigawa da watan azumi, saboda babu wanda ya gaya musu cewa maganin sau biyu a rana ana iya daidaita shi da sahur da buɗa-baki. Bayan an saki naira ta nemi darajarta a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajajen naira 460 har ta haura 1,500 a 2024, duk maganin da ake shigowa da shi ya bi ta. A ƙasar da sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin lafiya daga aljihun mutane yake fita, kwalbar da ba a saya ba kariyarta sifiri ce, komai kyan abin da ke cikinta.

Abin da ƙidaya ta tona

Tsakanin 2005 da 2007 aka gudanar da binciken makanta na ƙasa baki ɗaya, inda aka duba idanun mutum sama da 13,500 masu shekara 40 zuwa sama. Aka samu kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, kuma arewa ta fi kudu yawan makanta. Yana ce ta farko, da kashi 43 cikin ɗari na makantar, hawan jinin ido na biye da kusan kashi 17. Da Dakta Fatima Kyari da abokan aikinta suka zurfafa cikin alkaluman, suka gano cewa mutum 5 cikin kowane 100 na wannan rukuni suna da cutar, ɗaya cikin biyar na masu ita ya riga ya makance, kuma waɗanda suka san suna da ita ba su kai kashi 6 cikin ɗari ba. In aka auna da wannan mudu, a cikin magidanta da iyaye mata dubu ɗaya a Babura ko Gwiwa, kimanin 50 na ɗauke da cutar, wajen uku kacal suka sani.

Daga Bauchi aka samu hoton abin da ke faruwa idan sun iso asibiti. Dakta Mohammed Abdull da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa sun wallafa a 2015 cewa kimanin ɗaya cikin uku na sababbin masu cutar sun riga sun makance ranar da suka fara zuwa, kuma cikin waɗanda aka ba shawarar babban aiki 'yan kaɗan ne ƙwarai suka dawo aka yi musu. Wannan ya sa suka juya ga wani hasken leza da ake ɗorawa a kan farin ido don rage yawan ruwan da ido ke samarwa, aikin zama ɗaya, babu yanka babu ɗinki. Mutane suka fi karɓarsa, ƙarfin ido kuma ya sauka ga mafi yawan waɗanda suka dawo aka sake aunawa. Bauchi ta fara daga halin majiyyacinta ne, sannan ta zaɓi kayan aiki.

Zuwan ƙaramin yanka

MIGS daga wata damuwa dabam ta taso. A Amurka da Kanada da Turai yawancin masu cutar da wuri ake gano su, wajen gwajin tabarau. Cutarsu ba ta kai a yi musu babban aiki mai haɗari ba, amma sun gaji da kwalabe. Sai aka nemi aiki na tsaka-tsaki: a shiga ta cikin ido, ta ƙaramin yankan da ake cire yana, a buɗe rariyar da ta toshe, ruwa ya koma bin hanyarsa ta asali. Dakta Ike Ahmed na Toronto ne ya raɗa wa wannan rukuni suna a wajajen 2009. A 2012 Amurka ta amince da iStent, ɗan bututun ƙarfe mai tsawon milimita ɗaya. XEN ya biyo baya a 2016, Hydrus a 2018.

Masu auna ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu suna da hanyarsu. Sukan tara kuɗin aikin, su debe kuɗin magungunan da za a huta saye da tiyatar da za a kauce wa nan gaba, sannan su raba abin da ya rage da shekarun rayuwa cikin ƙoshin lafiya da aka ƙaru da su. Hukumar NICE ta Ingila ta yi shekaru tana karɓar maganin da ke cin fam 20,000 zuwa 30,000 kan kowace irin wannan shekara. A wannan sikeli, wasu daga cikin bututan sun tsallake idan aka haɗa su da aikin yana. A babban gwajin Hydrus, bayan shekara biyar kusan biyu bisa uku na waɗanda aka dasa wa sun rabu da ɗigo, waɗanda aka cire wa yana kawai kuwa ba su kai rabi ba. Amma ba duka aka taru aka yi nasara ba. Bitar ƙungiyar Cochrane ta 2019 ta ce hujjar da ke goyon bayan iStent mai rauni ce ƙwarai, kuma a Agustan 2018 kamfanin Alcon ya janye bututunsa na CyPass daga kasuwa, shekara biyu bayan amincewa da shi, da aka ga yana lalata madubin gaban ido a hankali.

Ko da hujjar ta yi ƙarfi, lissafin ba ya ƙetarowa zuwa Kazaure yadda yake. Bututun kaɗai yana cin ɗaruruwan daloli, wani ya haura dubu, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa a 2024 naira 70,000 ne, ƙasa da dala 50 a lokacin. Ribar da ake lissafawa a can ta kwalaben da inshora za ta huta biya ce, a nan kuwa sau da yawa ba a sayen kwalaben tun farko. Mafi girma duka, magudanar da ake buɗewa tana zubawa ne cikin jijiyoyin jini masu nasu ƙarfin, don haka awon yakan tsaya wajajen 15 ko sama. Wannan ya wadatar da mai sabuwar cuta. Wanda ya zo da awo 35 da jijiyar da ta kusa ƙarewa kuwa, wajajen 12 yake buƙata. Ko a Birtaniya, gwajin da aka yi wa mutum 453 masu tsananin cutar, aka wallafa a 2021, ya nuna cewa fara wa da babban aiki ya sauke awo zuwa kimanin 12, ɗigo kuwa 15, kuma bayan shekara biyar ganin waɗanda aka yi wa aiki ya fi tsira. Irin waɗannan su ne yawancin majiyyatanmu.

Abin da za mu iya ɗauka

Kuskure ne a watsar da ƙaramin yanka kacokan saboda tsadar bututu, domin dabarar dabam, hajar kamfani dabam. A 2014 Davinder Grover da abokan aikinsa a Dalas suka bayyana hanyar zura siririn abu cikin magudanar ya zagaye ido, a ja shi ya tsaga rariyar gaba ɗaya. Ba a daɗe ba aka ga zaren ɗinkin tiyata na yau da kullum, in an narkar da bakinsa, yana yin wannan aiki. A 2015 wuƙar Kahook ta fito, mai yanke tsirin rariyar. Daga baya wasu likitoci suka nuna cewa allurar sirinji da aka lanƙwasa bakinta tana iya yin kusan haka. Zare da allura kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Abin da ake buƙata shi ne madubin tiyata mai karkata, ɗan gilashin hango rariya, da horo. Ba a barin ƙofa a waje da za a yi ta gadi, don haka zaryar bayan aiki ta ragu, kuma fatar farin ido tana nan lafiya idan an buƙaci babban aiki gaba.

Wurin da ya fi dacewa da wannan dabara shi ne aikin yana. Mai yana da kansa yake zuwa, domin ya san zai gani. Idan aka auna aka samu yana da hawan jinin ido da bai yi nisa ba, ana iya buɗe masa rariya a zama ɗaya: mota ɗaya, gado ɗaya, allurar kashe ciwo ɗaya, ya kuma koma gida yana gani, ƙauye ya yaba. Sai dai a yi hattara da abu biyu. Aikin yakan sa jini ya taru a gaban ido na 'yan kwanaki, wannan kuwa haɗari ne ga mai sikila har da mai ɗauke da ƙwayar halittarta, waɗanda suka kai kusan rubu'in 'yan Nijeriya. Gwajin jini kafin aiki wajibi ne. Na biyu, yawancin sakamakon da ake da shi a idon 'yan Afirka na gajeren zango ne.

Ga kuma wani abu da ya fi wannan ƙarfin hujja, shi ne hasken leza mai laushi da ake kira SLT, wanda Mark Latina ya bayyana a 1995. Ana haska rariyar na 'yan mintoci, mutum na zaune a kujera, ya tashi ya tafi. Gwajin Birtaniya na mutum 718 a 2019 ya nuna cewa kusan uku bisa huɗu na waɗanda aka fara wa da shi ba su buƙaci ɗigo ba har shekara uku. Wanda ya fi kusa da halinmu shi ne na Moshi a Tanzaniya, 2021, inda yawancin majiyyatan cutarsu ta yi nisa: bayan shekara guda leza ta yi nasara a kashi 61 cikin ɗari na idanu, timolol a kashi 31. Masu binciken suka lissafa cewa asibitin da ke haska ido 500 a shekara zai iya mayar da kuɗinsa da kimanin dala 12 da rabi kan kowane ido, daidai da kuɗin timolol na shekara. Sirrin arahar a yawan masu amfani yake. Na'urar da ke kulle a ɗaki tsada ce. Wadda ke aiki kullum araha ce.

Tarihin yana kansa ya nuna cewa farashi ba ƙaddara ba ne. A da mai yana tabarau mai kauri ake ba shi bayan aiki, domin ƙwayar robar da ake dasawa ta fi ƙarfin talaka. Da asibitin Aravind na Madurai a Indiya ya kafa masana'antar Aurolab a 1992, farashinta ya faɗo zuwa 'yan daloli, ta zama ruwan dare har a sansanonin aikin ido na kyauta. Masana'antar ta maimaita haka a 2013 da bututun fitar da ruwa na kimanin dala 50. Wata rana bututan MIGS ma za su iya bin wannan hanya.

Inda ya kamata naira ta fara faɗawa

Kafin wannan rana, jerin a bayyane yake. Na farko, nemo masu cutar. Na'urar awon ƙarfin ido da madubin duba jijiya, a hannun ma'aikacin jinyar ido mai horo, su kasance suna aiki kowace rana a manyan asibitocin Kazaure da Babura da asibitocin Roni da Gwiwa. Duk wanda ya haura 40 ya zo neman tabarau na karatu, a auna shi. Duk wanda aka samu da cutar, a kira 'yan'uwansa na jini da 'ya'yansa, domin tana bin dangi. Yaƙin amosani da jiha ta yi tare da ƙungiyoyin CBM da HANDS ya riga ya nuna cewa ana iya bin mutane har gida, a kuma kai musu aiki kusa.

Na biyu, na'urar leza guda a Kazaure, wadda za ta ɗauki masarautar Kazaure har da 'Yankwashi, ta haɗa da Babura da maƙwabta na Katsina da Kano, ta yadda ido 500 a shekara ba zai yi wuya ba. Na uku, babban aiki mai inganci ga wanda cutarsa ta yi nisa, tare da tsara duban bayan aiki a asibiti mafi kusa da shi. Na huɗu, horar da masu cire yana su iya buɗe rariya da zare ko allura. Bututun dala shi ne na ƙarshe. Jagorar kula da cutar ta ƙasashen Afirka kudu da Sahara, wadda ta fito a 2021 ƙarƙashin jagorancin Dakta Kyari, tana nan don a bi. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, JICHMA, ya kamata ta ɗauki leza da tiyata cikin abin da take biya, domin biya sau ɗaya ya fi mata sauƙi kan kwalba ta har abada, kuma makantar magidanci ɗaya takan cire yaro daga makaranta ya zama ɗan jagora.

Abu na ƙarshe shi ne rubutu. Alkaluman da ke sama na wasu wurare ne, irin su Fatakwal, da Bauchi, da Moshi, da Landan. Ranar da asibitocin wannan yanki suka iya faɗin ido nawa suka taɓa, da wace dabara, nawa majiyyaci ya kashe har da kuɗin mota, kuma nawa ne ke gani bayan shekara biyar, ranar za mu daina aron lissafin wasu. Wannan rajista ba ta buƙatar dala. Umarni take buƙata daga Ma'aikatar Lafiya a Dutse, da ma'aikacin da za a ɗora wa alhakinta a kowane asibiti, kuma bana ya kamata a fara.